Taken Don Evaristo

A gidan hayarmu na unguwar Santa María, cikin birnin Meziko, ba sai ka leƙa taga ba kafin ka san wanda ya shigo. Don Evaristo Zamudio zai gaya maka da fito daga saman bene. Kowa a gidan nan yana da takensa: mai gyaran takalmi, tagwayen Doña Cuca, mai kawo gas, har magen da ba ta da ubangida. Ni Chayo, mai sayar da tamal, wato alalar masara, a bakin ƙofa, sai ya ba ni irin kiɗan da ake sa wa 'yar aiki mai surutu idan ta shigo falo da tsegumi. Na yi fushi, na daina gaishe shi, amma a banza. Har yau idan na ji wannan fiton a raina sai na ga ina ƙara sauri.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi. A wani gidan talabijin yake, cikin ɗaki marar taga, shi da faya-fayai da allon kallo. Nobela, wato wasan kwaikwayo mai dogon zango da duk ƙasa za ta zauna kallo da yamma, shi yake fara ganinta tsirara, babu kiɗa, mutane suna ta buɗe ƙofa suna zare ido kamar marasa aikin yi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana raba musu take. Marainiya ta samu goge mai rawar murya, attajiri ya samu ƙaho, uwar miji ta samu wani gurnani daga can ƙasan fiyano. Ya ce kafin ya taɓa su, dukkansu 'yan wasa ne da suka sha hoda.

Akwai wata goggo a wata nobela da marubutan kansu ba su yanke ko mutuniyar kirki ce ko muguwa ba. Rannan tana zuba wa ɗan ɗan'uwanta kofi, Don Evaristo ya shimfiɗa mata gurnanin nan a ƙarƙashi, don kawai fuskarta ta tuna masa da wata malamarsa ta firamare. Washegari duk kasuwa ta yarda guba ta zuba. Aka ce matar da ke wasan ta je sayen tumatir aka hana ta. Marubuta suka ga ba yadda za su yi, suka mayar da ita mai kisa.

Na ce masa, "Don Eva, ashe ku ne kuke sa mu zagin bayin Allah."

Ya ce, "Ni na ce ta yi wani abu, komadre, ƙawata? Kofi ta zuba."

Matarsa Doña Herminia ba ta cika magana ba. Guga take yi wa mutanen unguwa, tagarta tana daidai saman tukunyata, tururina yana hawa wurinta, ƙamshin sitatinta yana sauko mini. Shi yana ce mata tsohuwa, ita tana ce masa tsoho, tun suna da baƙin gashi. 'Yarsu ɗaya, Araceli, tana aure a Puebla.

Bayan ya bar aiki ne mantuwa ta soma shigar Herminia. Da fari gishiri ne a kofi, sai sunayen kwanaki, sai fuskoki. Abin mamaki, nobela ba ta ɓace mata ba. Tana zaune gaban talabijin da bargo a cinya, wani a cikin nobelar zai shigo da murmushi da furanni, kafin ya buɗe baki ta ce, "Kada ki yarda da wannan, 'yata." Kunnenta ya riga ya ji abin da ke ƙarƙashinsa.

Wata Lahadi Araceli ta zo da jaka da kewa, uwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, guga kika kawo?" Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga yarinyar nan ta jingina da bango. Don Evaristo yana kicin, bai ma san abin da yake yi ba, bakinsa ya saki fiton da yake mata tun tana rarrafe. Herminia ta ɗaga kai a hankali, kamar mai jin ana kiranta daga wani gida. Ta ce, "Cheli, kin rame. Mijin nan yana ba ki abinci kuwa?"

Daga ranar aka jawo tsohon fiyanonsa kusa da ƙofa. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya tsaya a waje, ya jira a kaɗa masa takensa, sannan ya shiga. Da la'asar, idan rana ta faɗo cikin tsakar gida ta bi ta zannuwan da aka shanya, sai ka ji kiɗa yana saukowa guntu-guntu, ka ga mutane suna hawa bene a natse kamar ana ɗaukar su a hoto. Har mai gas ya koyi cire hula. Ni kuwa da taken nawa na wulaƙanci nake shiga, ta yi dariya ta ce, "Ga Chayo nan, ku ɓoye asirinku."

Mutum ɗaya ne ba ta gane ba. Shi yake mata wanka, shi yake taje mata gashi, ita kuma tana gode masa da ladabi irin na baƙo. "Señor mai kiɗa, idan ka ga tsohona a hanya ka ce masa wake ya dahu." Kullum da yamma sai ta juya kujera tana fuskantar ƙofa, shi yana zaune a gefenta, tana jiransa.

Ya gwada duk abin da ya sani. Ya kaɗa mata taken jarumai ya tsaya a gabanta, ta ce wannan ai na likitan nan ne mai gashin baki. Ya kaɗa abin da suka yi rawa da shi ranar aurensu, ta yi kuka ta tambaye shi ina mijinta ya shiga. Ya zauna ya tsara wa kansa sabo, mai kyau ƙwarai, ta tafa masa ta ce yana da hannu.

Wata safiya ya sauko ya zauna a kan bokitina, na zuba masa kunun masara bai sha ba. Ya ce, "Komadre, tsoro nake ji. Za ta tafi tana zaton na gudu na bar ta." Ya juya kofin a hannunsa. "Na ba kowa take, ban ba kaina ba. Mai sa kiɗa ba ya fitowa a hoto."

Na ce, "Kai kuma wane irin zance ne wannan? Ai kana da take."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ashe bai sani ba. Tun zuwana gidan nan, da zarar Herminia ta ji ƙarar makullansa a ƙofar waje sai ta fara rera wani abu da hanci, tana ɗaga ƙarfen guga daga wuta. Tana yi yana ƙetare tsakar gida, tana yi yana hawa bene a hankali, a hankali. Yana taɓa ƙofa sai ta yi ɗif, don tana jin kunyar muryarta a gaban mai kiɗa. Duk gidan mun haddace shi, har tagwaye suna tsokanar juna da shi. Shi kaɗai ne bai taɓa ji ba, domin nasa fiton yana cika masa kunne.

Na rera masa. Ya saurara ido rufe, ya ce a wurin hawa na biyu akwai karkata. Na ce haka take yi. Bai ji ba, mai sana'a ne. Ya hau sama ya miƙar da karkatar, ya yi masa ado, ya kaɗa mata a fiyano. Ta ce, "Daɗi. Na wace nobela ne?"

Raina ya ɓaci. Na hau na same shi na ce, "Don Eva, wa ya aike ka gyara? Kuma a ina ka taɓa ganin jarumi ya kaɗa wa kansa shigowa? Sa kwat ɗinka ka fita, ka dawo kamar mutum."

Da yamma ya sa kwat ɗin aikinsa mai warin kafur, ya zaga bayan layi. Na tara Doña Cuca da mai takalmi da duk wanda na samu a wurin wanki, muka tsaya ƙarƙashin tagar. Makullai suka yi ƙara a ƙofar waje. Muka fara rera waƙar Herminia da hanci, a karkace yadda take yi, muna jin kunyar juna. Bai yi fito ba. Ya ƙetare tsakar gida, inuwar zannuwa tana wucewa a kan fuskarsa. Yana tsakiyar bene sai wata siririyar murya ta karɓa daga sama, mu kuma muka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Ya isa ƙofa ya ɗora hannu, bai tura ba. Ya daɗe a tsaye, goshinsa a jikin katako, yana ji. Ita kuwa ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa daga farko. Ni dai na kasa riƙe hawayena, ban kuma ɓoye ba. Da ya tura, waƙar ta yanke kamar kullum. Muka ji ta ce, "Ka daɗe, tsoho. Wake har ya huce."

Ganewar ba ta wuce cin abincin yamma ba. Kafin a kwashe kwanuka ya koma señor mai kiɗa. Saboda haka kowace yamma, har ƙarshen kwanakinta, sai ya sa kwat ya zaga bayan layi ba don komai ba, ya dawo yana kaɗa makullai. Idan ya wuce tukunyata ba ya ko kallona, kunnensa yana sama.