Yaya Haruna da Kitson Balkisa

Ku da kuka san Yaya Haruna a garkokin Gamkalle, inda yake noman lambu a bakin kogi, kun san ba ya taɓa abu bai yayyafa masa ruwa ba, ko salati ne, ko tabarma, ko kujerar babur. Yana da wata tsohuwar gorar roba da ya huhhuda murfinta da ƙusa, kullum tana aljihunsa. Na sha ce masa, "Yaya, mutane fa za su yi magana." Sai ya ce, "Bar su, Idi. Su ma bushewa ce ke damunsu."

Ni ƙanensa ne, kuma kun san ni da saka abu a rai. Da matarsa Rabi ta rasu ta bar Balkisa tana 'yar shekara huɗu, ko abinci ba na jin daɗinsa. Bayan sadakar arba'in, yayar marigayiya, Hajiya Mariyama, ta dubi kan yarinyar duk ya cukurkuɗe, ta ce, "Haruna, namiji ba ya riƙon 'ya mace. Zan dawo da ƙaramar salla. In na tarar da kan nan haka, da ita zan koma Maradi."

Na ba shi shawara mu kai ta wurin makitsiya. Muka kai ta. Yana tsaye a ƙofar gida ya jiyo kukanta, ya yi sallama ya shiga ya ɗauko ta da rabin kitso. Ya ce, "Ko albasa ba na tuge ta haka." A nan ya yi rantsuwa shi zai koya.

Ranar farko ya ɗauko zaren da yake ja in zai fitar da fangalin shuka a garka. Ya sa na riƙe bakinsa a goshinta, shi ya riƙe a ƙeya, ya bi da kibiya. Tsaga kam ta miƙe sambal. Kitson ne bai kai la'asar ba ya warware. Balkisa ta leƙa madubi ta ce, "Baba, ka mai da ni garka?" Ya ce, "Garkar ma ta bakin kogi."

Bai so ya riƙa wahalar da ita da gwaji. Sai na ga ya ƙura wa gemuna ido.

Na ce, "Yaya, don Allah a'a."

Ya ce, "Zauna. Gemun nan me yake tsinana maka?"

Haka muka riƙa yi kowace yamma. Wata rana aka kira magariba, na tashi da sauri na yi alwala, sai a sahu na shafa na ji kitso a haɓata. Hankalina ya tashi. Ruwan ya shiga ko bai shiga ba? Ana sallamewa na ja liman gefe na ce, "Malam, alwalar mai kitso a gemu ta yi?" Ya dubi gemun, sannan ya ce, "Ta yi. Kuma ka gaya wa mai kitson na tsakiyar nan ya fi kyau, hannunsa ya fara faɗawa." Duk da haka sai da na sake sallar a gida.

Jajibirin salla Hajiya ta iso. Ni har na ninke kayan Balkisa a leda na ɓoye bayan ƙofa, kada a zo tafiya a manta da wani abu. Hajiya ta jujjuya kan yarinyar, ta ce, "Wace ce ta yi shukun nan? Kamar tufkar igiya."

Yaya ya ce, "Ni ce."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsefe shi tas, ta zaunar da Balkisa a gabanta za ta sake. Jan farko, yarinyar ba ta yi kuka ba. Tashi ta yi, ta zare kibiyar daga hannun innarta, ta je ta zauna tsakanin ƙafafun ubanta, ta ɗora kai a gwiwarsa. Ya lakato man kaɗe, ya fara a hankali da manyan yatsun nan nasa masu kaushi, yana ba ta labarin dorinar da ta cinye masa kabeji. Bai kai rabi ba ta yi barci.

Hajiya tana gefe tana kallo. Can ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Ba haka ake ɗaukar na gaban goshi ba. Matsa in nuna maka." Ta zauna har bayan salla tana koya masa kalaba. Da na raka ta tasha, ita kaɗai ta shiga mota.

Bara da ciwo ya kwantar da Yaya, Balkisa ta riga ta zama budurwa, har ita ke yi wa ƙawayenta kitso. Ya ce ta matso. Layi ɗaya kawai ya iya yi mata a gefen kunne. Bayan rasuwarsa ta ƙi tsefe shi, ta bar shi har ya warware da kansa.

Allah Ya ji ƙan Yaya Haruna, Ya yi masa sassauci kamar yadda ya sassauta wa marainiyarsa. Allah Ya raya mana Balkisa. Amin.