Na Buge Keken Dokinsu, Suka Karɓe Ni a Gidansu

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Wheaton da maigidana da 'ya'yanmu biyu, shekarata takwas a Amurka. Ina da rawar kai da son ba mutane dariya, kuma ina ganin kaina wayayyiya. Wata Asabar, ana saura kwana biyu sunan ɗiyar ƙanwar maigidana, aka aike ni sayo kaji masu rai a kudancin Maryland, wurin manoman nan da ake kira Amish. Mutane ne da ba sa tuƙa mota, ba sa jawo lantarki gidajensu, da keken doki suke zirga-zirga. Na san sarai ba sa son a ɗauke su hoto, amma ni a lokacin abin kallo na ɗauke su, har 'yan zamanin dā nake kiransu.

A hanyar dawowa na hango wani keken doki a gabana, tsoho da tsohuwa a ciki. Sai na ɗauko waya don in yi bidiyo in tura wa ƙawayena mu sha dariya. Idona na kan waya ban lura dokin ya rage gudu zai shiga kwana ba. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Keken ya kife cikin kwari, dokin ya karye har sai da aka harbe shi a wurin, tsohuwar kuma ƙashin ƙugunta ya karye. Ni da aikina ke nan kula da marasa lafiya, na tsaya na kasa taɓuka komai. Tsohon ne, jini na zuba daga goshinsa, ya tako ya tambaye ni ko na ji ciwo.

'Yan sanda suka karɓi wayata, bidiyon na ciki. Lauya ya gargaɗe ni kada in kuskura in je wurin mutanen, ya ce duk abin da na faɗa za a iya kafa hujja da shi. Na yi makonni ba na iya cin abinci. Ina tsoron kurkuku, ina tsoron a ƙwace mini lasisin aiki, ga kunyar 'yan uwanmu Hausawa da labari ya riga ya zaga. Ana cikin haka wasiƙa ta zo, rubutun hannu. Tsohon ne ya rubuto cewa matarsa ta dawo gida, kullum tana tambayar yarinyar nan mai mota, idan da hali mu zo mu ci abincin rana.

Maigidana ya ce mu je, ko me lauya zai ce. Muka tarar da ita kwance a falo, mata sun kewaye ta suna ɗinkin bargo. Na durƙusa a gabanta, na faɗa mata gaskiya cewa hoto nake ɗaukarsu don in yi musu dariya. Ta kamo hannuna ta ce, "Na sani, 'yata, ɗan sanda ya gaya mana. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma mun yafe tun kafin mu san sunanki." Na ce, "Mama, ban cancanta ba." Ta ce in tashi haka nan, miya na hucewa. Har sun tambayi wani maƙwabcinsu abin da Musulmi ba sa ci, suka dafa mana wake da dankali da burodin gida.

Bayan an ci abinci maigidana ya tambayi tsohon me ya sa ba su kai ƙara ba. Ya ba mu tarihinsu a hankali. Ya ce kakanninsu a Turai an kore su daga gari zuwa gari, an ƙona wasu, an nutsar da wasu a ruwa, saboda sun ce ba za a yi wa mutum wankan shiga addinin Kirista ba sai ya girma ya zaɓa da kansa, kuma sun ƙi ɗaukar makami. Daga nan suka haye teku suka sauka a jihar Pennsylvania. Da gonaki suka yi musu kaɗan, ga saɓani da hukuma kan makarantun yara, sai iyayensa suka taso suka sari daji a nan. Ya ce ba su da ginin coci, gida-gida suke zagayawa da ibada, kuma jama'ar da ta sha wuya a hannun masu ƙarfi ba ta son ta zama sanadin wuyar wani. Na ji kunya ƙwarai. Abin da na ɗauka ƙauyanci ne, ashe jini aka zubar a kansa.

Su ba su kai ƙara ba, amma hukuma ta gurfanar da ni a kotu. Ranar shari'a tsohon ya ɗauki hayar direba ya zo, ya roƙi alƙali ya sassauta mini. An karɓe lasisin tuƙina na wani lokaci, aka sa ni aikin al'umma, amma aikina na asibiti ya tsira. Duk ranar hutuna maigidana kan kai ni in taya Mama motsa ƙafa. Ta sake tafiya, sai dai da sanda, har ta rasu bayan shekara huɗu. Wannan sandar ni na jawo mata, yafiyarta ba ta goge hakan ba.

Ina gode wa Allah da Ya haɗa ni da su, Ya nuna mini afuwar da addinina ya koya mini tun ina ƙarama amma ban taɓa aikatawa ba. 'Yan uwa, don Allah ku ajiye waya idan kuna tuƙi. Kuma kafin ku yi wa wasu mutane dariya saboda shigarsu ko al'adarsu, ku tambayi abin da suka sha kafin su kawo nan. Ni sai da na karya tsohuwa kafin na tambaya.