Ranar da Firmin Ya Ari Bakina

Duk wanda ke zaune a layinmu ya san ƙarar keken Firmin Dewulf. Tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci zai wuce ta ƙofata, sarƙar keken tana kuka kamar za ta tsinke, hula a kai, burodi a aljihu. Da ita nake tashin yarana su tafi makaranta, da ita kuma na riƙa tashin jikokina. In ya isa gidan da ake dafa giya, inda yake aiki, ba ya gaida kowa sai ya sauka ɗakin ƙasa. Zai cire hula kamar wanda ya shiga coci, ya kara kunne jikin tukunya, ya saurara. Daga nan ya kwashe kumfar da ta taso, ya ware mai kyau ya adana don dafuwa ta gaba. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: kiwon yisti, abin da ke sa giya ta tashi. A wannan wata ya ajiye aiki, Fada, limamin cocinmu, ya ce a sami mai rubuta wani abu a takardar coci. Na ce to ni zan yi.

Yara ba su san inda yistin nan ya fito ba. Daga gidan 'yan zuhudu ya fito, wanda ke bayan gonakin can, inda yanzu sai tattabaru. Lokacin da sufayen suka tsufa, aka ce za a rufe gidan, ɗaya daga cikinsu, Ɗan'uwa Amaat, ya zuba yistinsu a garwar madara ya miƙa wa Firmin, ya ce, "Ba mu da 'ya'ya, wannan kaɗai muka raina. Kar ka bar shi da yunwa." Firmin bai taɓa barinsa ba. Shekarar ambaliya, da ruwa ya cika ɗakin ƙasa, da idona na gan shi ya fito ruwa har ƙugu, garwa a ka. Ya kai ta gida ya lulluɓe da bargon matarsa Leontine, Allah ya jiƙanta, ita kuwa tana tsaye tana cewa, "Ni in daskare ke nan, ko, maigida?"

Ba na mantawa da shekarar da aka rufe masaƙa, mijina Odiel ya rasa aiki. Ya fara zama a gidan giya tun da rana. Kai ne, Firmin, ka ɗauke kofin daga gabansa ka ce, "Wannan ta Lahadi ce, ba ta baƙin ciki ba. Tashi ka kama min buhunan tsiron hatsin dafa giya." Ka sa shi ɗaukar kaya har ya sami wani aikin. Odiel bai ƙara wuce kofi ɗaya ba, ranar Lahadi bayan sujada, kuma rabi-rabi muke yi da shi a teburin kicin. Ni ma ka nema min wankin kwalabe a wurin, na yi har gwiwoyina suka ƙi.

To, mu zo kan abin da ya faru Lahadin farko a watan Disamba. Kun san al'adarmu. Daga coci kowa ya wuce gidan giya, a buɗe baƙar giyar sanyi, mai ƙarfin nan. Mai yisti ne yake shan kofin farko. In ya goge gashin baki ya ce "Ta yi," Fada ya sa albarka, kowa ya sha. In ya ajiye kofin bai ce komai ba, ba a sayar da ita, ko da kuwa mai gida zai yi kuka. A bana abin ya fi haka nauyi. Marleen, wadda ta gaji gidan daga babanta, ta faɗa a fili cewa dafuwar bara ta yi jinkirin tashi. In yistin ya gaji, za ta koma sayen na leda kamar yadda sauran gidaje suke yi. Ba mugunta ba ce, yarinyar tana da ma'aikata a wuyanta. Ta ce hukuncin yana bakin Baba Firmin, abin da ya ce shi za a yi.

Aka zuba masa. Ya ɗaga kofin ya duba, ya shinshina, ya kurɓa. Muna jira ya goge gashin baki. Bai goge ba, bai kuma ajiye kofin ba.

"Baba, yaya?" in ji Marleen.

Ya ce, "'Yata, ban sani ba. Tun zazzaɓin nan da na yi a bazara hancina da harshena suka mutu. Wannan da ruwan famfo duk ɗaya ne a bakina."

Ku duba fa. Kalma biyu kawai zai faɗa yistinsa ya tsira, kuma ba mahalukin da zai gane. Ya ƙi.

Achiel mahauci ya ce, "Haba tsoho, ka ce ta yi mana, maƙogwaronmu ya bushe!"

"Kai ko ruwan wankin kwalba aka ba ka cewa za ka yi ta yi," in ji Firmin. Aka yi dariya, amma ba mai yawa ba. Sai ya juyo yana neman wani a cikin mutane, ya tsaya a kaina. "Zulma, ara min bakinki."

Na ce, "Ni? Rabona da ita tun ranar da muka binne Odiel."

"Shi ya sa. Ɗanɗanon giyar da ne a bakinki, ba ki gauraya shi da komai ba. Kuma garin nan kaf ba bakin da ba ya jin kunyar kowa irin naki."

"Ka san in ba ta yi ba zan faɗa."

"Da ban sani ba da Achiel na ba."

Na yi alamar gicciye na karɓa. Baƙa ce wuluk, ko hasken taga ba ya ratsa ta, kumfarta launin ruwan kofi mai madara. Ƙamshin gasasshen burodi ya fara zuwa, irin gefen da ya ɗan ƙone. Na kurɓa. Kauri a baki, zaƙi-zaƙi kamar zabibi da cakulan, ɗaci yana biye a hankali. Amma duk wannan aikin tsiro ne, ko da yistin leda za a samu. Abin da nake jira yana zuwa ne bayan an haɗiye, in ɗumin ya sauka ƙirji: ɗan ƙamshin kanumfari da nunanniyar ayaba da ke dawowa ta hanci. Aikin yistin sufaye ke nan. Na haɗiye, na jira. Shiru. Na dubi Firmin, na ce a raina, Uwa Maryamu, kar ki sa ni ce zan kashe wa mutumin nan abinsa. Sai ga shi ya taso, a hankali, kamar tsohon da ke hawa bene. Wallahi sai na ga teburin kicin ɗinmu, da Odiel yana turo min kofin yana cewa in bar masa kumfar.

Na ce, "Ta yi. Ya tsufa, yana jan ƙafa, amma shi ne."

Marleen ta karɓi kofin ta kurɓa, ta jira kamar yadda na jira. Ta ce, "Mai jan ƙafa ai sai a ba shi lokaci. Yistinka yana nan, Baba." Fada ya sa albarka, Achiel ya riga kowa miƙa kofi.

Firmin bai sha ba. Ya jawo kujera kusa da ni ya ce, ƙasa-ƙasa, "Faɗa min yadda take. Daga farko. Kar ki yi sauri." Na faɗa masa, burodin da zabibin da kanumfarin, ya rufe ido yana gyaɗa kai.

Mun gode, Firmin, uban yisti. Mun gode da amanar Ɗan'uwa Amaat da ka riƙe, da mazanmu da ka mayar mana gida da ƙafafunsu, da gaskiyar da ka faɗa ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Ubangiji ya saka maka, ya ƙara maka kwana da lafiya.

Ku kuma matasa, duk wanda aka ba riƙon wani abu ya riƙe shi haka, ranar da ƙarfinsa ya ƙare kuma ya faɗa da bakinsa. Sannan ga aiki na ba ku. Firmin yana zama a bencin bakin taga na gidan giya duk Lahadi bayan sujada. In ka sayi kofinka, kar ka tsaya can kana ɗaga masa hannu. Je ka zauna kusa da shi, ka kurɓa, ka jira, ka faɗa masa abin da ka ji.