Dakta Kabiru, wanda ba ya karɓar "lafiya lau"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni, wai Dakta Kabiru ya rasu. Zuciya ce, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki.

Likitan ƙwaƙwalwa ne, ɗan Kano, bincike ya kawo shi Doha. Lokacin korona muna ɗaliban likitanci, kowa a kulle a ɗaki, shi yana nazarin yadda damuwa ke cin irinmu. In ya kira ka ka ce lafiya lau, sai ya yi dariya ya ce, "Na ji ta gaisuwa, yanzu ba ni ta gaskiya."

Ni ya fara tatsar gaskiyata. A bakinsa na fara jin cewa ɗalibin likita ma yana iya zama majinyaci, kuma ba abin kunya ba ne.

Amma abin da ke ci mini rai yau shi ne Sani.

Sani sikiriti ne, wato mai gadi, suna haɗa ɗaki da 'yan gida a unguwar Najma. Yana da farfaɗiya. In ta kada shi sai ya tashi garau, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ya fara surutai yana ganin mutanen da babu su. 'Yan ɗakin suka ce aljanu ne. Dakta ya je har ɗakin ya zauna a katifar Sani, ya sha shayi a kofinsa don su ga ba a ɗauka. Ya ce musu, "Ku yi masa addu'a, ni ma ina yi. Amma kar wanda ya taɓa maganinsa." Sani ya samu sauƙi, ya koma aiki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Dakta a tashar jirgin ƙasa ta Mansura ce, ana tsakiyar gasar kofin duniya. Ko ƙwallon bai ambata ba. Cewa ya yi an ƙara wa masu gadi awanni, kuma rashin barci na tayar da ciwon, in riƙa leƙa Sani.

Ɗazu na kira Malam Hadi, wanda shi ne babba a ɗakin su Sani, in yi masa gaisuwa. Na ce ya Sani? Ya ce, "Lafiya lau, likita. Tun satin jiya muka ajiye ƙwayoyin nan, ai ya warke, khalas, shi ke nan."

Wallahi raina ya ɓaci. Ya samu lafiya ne saboda yana sha! Dakta, bawan Allah, ya ƙare rayuwarsa yana wannan bayani, ko binne shi ba a yi ba mun koma gidan jiya.

Na ce, "Malam, na ji ta gaisuwa. Ga ni nan zuwa Najma, a fito mini da maganin."

Allah Ya jiƙan Dakta Kabiru, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Sani.