Ramuka huɗu a bangon Abhur

Shekara bakwai ke nan da muka kai Isiyaku makwancinsa a nan Jidda. Tare muka tashi, jikokin mahajjatan da suka sauka a tashar jiragen ruwa ba su koma gida ba. Ni na tsufa a tashar ina dako, shi ya tsufa a unguwar Abhur yana tuƙa motar wani attajiri, kafilinsa, wato mutumin da takardar zamansa ke hannunsa.

Isiyaku mawaƙi ne, amma bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. Da ka yake shirya waƙa, ya zo ranar Juma'a ya rera mini, ni kuwa in ce masa muryarsa sai ka ce tsohuwar tirela tana hawan gada. Ba ya jin haushi, don ya san ba shi da mai saurare sai ni.

A ƙofar gidan kafilin nan akwai allon tagulla mai ɗauke da sunansa, kuma kowace safiya Isiyaku ke goge shi kafin ya tayar da mota. Mutumin yana da iko na gaske. In ya ce "halas", wato shi ke nan, iƙamarka, takardar zamanka, ta ƙare, sai ka tattara naka ya naka. Da idona na ga manyan mutane suna gyara tsayuwa a gaban allon nan kafin su danna ƙararrawa. Da kafilin ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidan, aka ɓamɓare allon. Abin da ya rage a bango ramukan ƙusa huɗu ne.

A kansu Isiyaku ya yi waƙarsa mafi kyau. Ga farkonta:

Na goge sunan da ya fi nawa,
Yau ga bango, ina mai suna?

Ba waƙar murna ba ce. Ya sha wuya a hannun mutumin, amma tausayinsa ya ji. 'Yar Isiyaku, Ruƙayya, ta taɓa gaya masa cewa a makaranta sun karanta mawaƙan Turawa na dā, masu tsayawa a kangon sarakuna suna irin wannan tambaya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wallah? Ashe ina da 'yan'uwa a can ban sani ba."

Da zai dawo yau, ban san a bakin wace ƙofa zai tsaya ba. Bangon ma an rushe shi, an gina masauki a wurin. Unguwar da muka tashi babu ita, mutanenmu sun watse. Ranar Juma'a ni kaɗai nake shan shayina, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya na zo rera waƙar sai na tarar baitin ƙarshe ya fita daga kaina. Nan ne ya ba da amsar tambayarsa, kuma duk duniya ni kaɗai na haddace shi. Na shiga mota na nufi unguwar Safa, gidan Ruƙayya.

Ammi take kirana, wato baffa. Ta ce, "Ya Ammi, wallah Hausar Baba tana mini wuya. Ma afham kullaha, ba na gane duka. Sautin kawai na riƙe."

Na ce, "Yalla, 'yata, yi sautin."

Ta rufe baki ta soma guna-gunin waƙar, daidai yadda yake jan ta, har da ɗan karyewar muryar nan da nake tsokanarsa a kai. Na bi ta da kalmomi, baiti bayan baiti. Na daɗe ina ganin attajirin ne abin tausayi, tunda sunansa ya sauka daga bango, abokina kuwa ya bar waƙa. Ashe bangon da ya kafa tasa a kai ni ne, kuma na soma zubewa.

Da muka iso baitin ƙarshe kalmomin suka ƙi zuwa mini. Ita ba ta san akwai abin da ya ɓace ba, ta ci gaba har ta kai shi ƙarshe, ta ɗago tana murmushi ta ce, "Haka ne, Ammi?"

Na ce haka ne.