Robar da aka ɗaure min ƙafa da ita

Assalamu alaikum. Sama da shekara ashirin ban ba kowa labarin nan ba sai iyalina. Hotunan da nake gani kuna hawan duwatsu da silifas ne suka sa na kasa yin shiru.

Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara, ni da yayana Sani muka hau wani dutse a dajin Zurmi neman zuma. Ni ɗan makarantar Kaura, ina jin kaina wayayye, silifas ne a ƙafata.

Na taka gefen wani falalen dutse ban duba ba. Sai na ji kamar ƙaya. Kububuwa ce.

Yaya Sani ya yi abin da kowa yake yi a garinmu. Ya kwance robar da muke ɗaure kaya a babur, ya ɗaure min ƙafa tam a ƙasan gwiwa, ya tsaga wurin da reza. Daga nan sai gidan mai magani, aka shafa garin magani, aka ce kada a kwance robar.

Haka na kwana. Da safe ina wanke baki, sai jini daga dasashi. Ƙafar ta yi baƙi, ban ma jin ta. Na ji tsoro ƙwarai.

Inna ce ta tsaya kai da fata. “Ku kai min ɗana asibiti, ko in goya shi in tahi da kaina.”

A asibitin Kaura likita ya kalli robar, ya ce, “Wa yaɗ ɗaure ƙahwag ga?” Yaya Sani ya sunkuyar da kai.

Suka ɗebi jinina a 'yar kwalba suka ajiye, wai a ga ko zai daskare. Muka zuba mata ido. Aka karkata ta, jinin ya gangaro kamar ruwa.

Aka sa min allurar kashe dafi da ƙarin ruwa. Baba ya sayar da sansa na noma. A kwalbar gwaji ta uku jinin ya daskare, Inna ta fashe da kukan murna.

Saura ƙafa. Likita ya ce dafin sun ci ƙarfinsa, ɗaurin ne ya kashe naman, in baƙin ya haura, sai yankewa. Kullum da safe nas ta zana layi da biro a fatata, kashegari a duba. Yaya Sani ba ya iya kallo, bakin ƙofa yake tsayawa.

Kwana tara baƙin bai ƙetare layin ba.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa ma'aikatan nan, Ya jiƙan Inna da Baba.

Don Allah in za ku shiga daji, ku sa takalmi rufaffe, ku riƙe sanda, kada ku zura hannu a rami. In tsautsayi ya faɗa, ban da ɗauri, ban da tsaga, a wuce asibiti kai tsaye.

Yatsun ƙafa biyu na bari a asibitin. Ranar sallama aka kawo keken guragu, na ce a'a. Na dafa kafaɗar Yaya Sani, na taka har bakin titi da ƙafata.