Ilu Duba-gari da Lambar Ingila

Ku da kuka san yayana Ilu, duba-garin Kankiya a zamanin Turawa, kun san ba ya shan ruwan kowa sai ya ɗaga ƙwaryar ya leƙa ta a rana. Ko a gidan suna ne! Sai ya zaro ƙyallen tacewa daga aljihu, mai gida na tsaye yana kallo.

Ranar da ya je gaida iyayen Hajo, wadda yake nema da aure, a Dudunni, aka kawo mai ruwa. Ya leƙa, ya ce, "Baba, wannan daga wace rijiya?"

Tsoho ya ce, "Kai yaro, aure ka zo nema ko rijiya?"

"Duka biyu, Baba."

Matar an ba shi. Rijiyar kuwa sai da ya sa aka gina mata baki.

Shi komai sai ya ji dalili. Shekaru ya yi yana bin wani likita Bature ƙauye-ƙauye har Kusada, suna ɗibar ruwan tafki a kwalabe saboda kurkunu. Ran nan sai ga labari an aiko wa Baturen babbar lambar yabo daga Ingila, irin wadda ake ba waɗanda suka yi fice wajen yaƙi da cututtukan ƙasashen zafi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, kai ka shiga taɓo, shi ya sha lamba!"

Ya ce, "Ke Binta, bar wannan. Ni so nike in san da mi aka yi ta."

Ya taka har bariki ya ce a nuna mai. Bature ya miƙo ta cikin ɗan akwatinta. Yaya ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina.

"Ranka ya daɗe, hannu nawa ya taɓa ta daga can zuwa nan?"

Bature ya ce bai sani ba. Wallahi sai Yaya ya nemi sabulu da ruwan zafi, ya wanke ta tas kafin ya mayar!

Mun sha yi mai dariya. Amma ranar da ya rasu, wani tsoho ya tako a ƙasa tun daga Sukuntuni. Ya ce da can duk damina a kwance yake yin ta da kurkunu, ciyawa na cin gonarsa, sai da Ilu ya hana shi shan tafki.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa.